Ƙungiyar ƙwallo ta wa ce? Rigimar Milei da hukumar ƙwallon Ajantina

Ranar Lahadi 17 ga Disamba 2023, mako guda cif da rantsar da shi a matsayin shugaban ƙasar Ajantina, Javier Milei ya nufi La Bombonera, filin wasan Boca Juniors a birnin Buenos Aires, don jefa ƙuri'a. Zaɓen shugaban ƙungiyar ƙwallo ake yi, shi kuma Milei mamba ne mai kati kamar kowa, ƙuri'arsa ɗaya tak, daidai da ta direban bas da ke biyan kuɗin wata. Mutumin da ya lashe kusan kashi 56 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa wata guda kafin nan, da ihu da fito da ashar aka tarbe shi. Da dare aka ƙirga, Juan Román Riquelme, tsohon mai lamba goma na ƙungiyar, ya yi wa ɓangaren tsohon shugaban ƙasa Mauricio Macri kaye mai rata. Ɓangaren Macri ɗin ne Milei ya je mara wa baya.

Bayan kwana uku Milei ya sa hannu a dokar gaggawa mai lamba 70/2023, doka mai sassa sama da 300 da ta taɓa kusan komai, daga kuɗin hayar gida zuwa harkar jiragen sama. A can cikinta akwai 'yan layuka da suka ba ƙungiyoyin ƙwallo damar rikiɗa su zama kamfanonin hannun jari, abin da 'yan ƙasar ke taƙaitawa da SAD. Waɗannan 'yan layukan ne suka haifi rigimar da har yau ba ta kwanta ba, kuma a ganina rigima ce da ta fi kowace tona cikin aƙidar da Milei ke tinƙaho da ita.

Aƙidar ita ce libatariyan. A taƙaice, masu ita cewa suke jikin mutum da dukiyarsa nasa ne, duk wata mu'amala a yi ta bisa yarda, gwamnati kuma ta tsaya a kan tsaro da shari'a, ta cire hannu daga sauran. Milei ya ma wuce nan, yana kiran kansa cikin masu ganin cewa asali gwamnatin kanta ba ta da hurumi. Masanin tattalin arziki ne da ya yi suna wajen ɗaga murya a talabijin, ya sa wa karnukansa sunayen malaman da yake bi, Murray, Milton, Robert da Lucas, ya riƙa zagaya gari lokacin kamfen da injin yankan katako a hannu, alamar yadda zai datse kashe kuɗin gwamnati. Kuma ya datse ɗin. Ma'aikatu 18 ya tarar, ya mayar da su tara. Kuɗin ƙasar, peso, an karya darajarsa cikin makon farko, dala ta koma 800 daga ƙasa da 400. Hauhawar farashi da ta kai kashi 211 a 2023 ta sauko zuwa kusan 118 a 2024, gwamnati ta rufe shekarar da rarar kuɗi karon farko cikin sama da shekara goma. Talauci kuwa sai da ya haura kashi 52 a farkon 2024 kafin ya dawo kusan 38 a ƙarshenta. Wanda ya ɗanɗana cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023 ba sai an yi masa dogon bayanin yadda irin wannan magani ke ɗaci ba.

Amma ƙwallo ta bambanta da duk waɗannan, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ka ji an ce Milei zai sayar da ƙungiyoyin ƙwallo, sai ka ɗauka irin sayar da kamfanonin gwamnati ne. Ko kusa. Boca, River Plate, Racing, Independiente, San Lorenzo, babu wadda gwamnati ta mallaka. Ƙungiyoyin jama'a ne da doka ta yi wa rajista a matsayin waɗanda ba riba suke nema ba. Mambobi ke biyan kuɗin wata, su zaɓi shugabanni, su tsige su idan wa'adi ya cika. River kaɗai tana da mambobi sama da dubu 300. Yawancin ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan ci-rani da samarin unguwa ne suka kafa su sama da shekara ɗari da suka wuce, kuma ƙwallo ɓangare ɗaya ne kawai na abin da suke yi. Akwai wurin ninƙaya, akwai ƙwallon kwando, akwai ɗakin da dattawa ke zama, wasu kamar River da Vélez har makaranta gare su. Yaron unguwa a nan yake tasowa. Shi kansa Milei ya tsare raga a ƙungiyar matasan Chacarita Juniors kafin ya koma karatun tattalin arziki.

Idan kana son sanin nauyin abin a zuciyar mutanen, dubi San Lorenzo, ƙungiyar da marigayi Fafaroma Francis ke da katin zama mambanta. A 1979, zamanin mulkin soja, ta buga wasanta na ƙarshe a tsohon filinta da ke unguwar Boedo, daga baya kamfanin Carrefour ya gina katafaren kanti a wurin. Shekara talatin da ɗoriya magoya baya ba su haƙura ba. Suka yi ta zanga-zanga har majalisar birni ta yi doka a 2012 cewa a mayar musu, suka yi karo-karo, kowa na biyan kuɗin murabba'in mita gwargwadon ƙarfinsa, har filin ya dawo hannunsu a 2019. Mutanen da suka yi wannan, ka zo ka ce musu wani attajiri daga waje zai sayi kashi 51, ai ka san amsar tun kafin ka rufe baki.

To a nan tambayar ke tasowa. Ƙungiyar da mutane suka haɗu da yardarsu suka kafa, suke ciyar da ita daga aljihunsu ba tare da sisin gwamna ba, ai ita ce ainihin abin da ɗan libatariyan ke mafarki. Me ya kai Milei faɗa da ita?

Amsarsa tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Cewa yake ba wanda ya tilasta wa. Ƙofa kawai ya buɗe. Ƙungiyar da mambobinta ke son zama yadda suke, su zauna. Wadda bashi ya yi wa katutu, mambobinta suka ga gara a shigo da mai kuɗi, a kan me wani zai hana su? Dokar ta ce sai kashi biyu cikin uku sun amince. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke hanawa kuwa ita ce AFA, hukumar ƙwallon ƙasar, wadda ƙa'idojinta suka ce kamfanin hannun jari ba zai zama mamba ba. Ma'ana, ko mambobi sun zaɓi su zama kamfani, washegari ba su da gasar da za su buga.

Kuma hujjar kuɗi na bayansa. Ajantina ce ta ɗauki kofin duniya a Ƙatar a 2022, ta ɗauki Copa América a 2021 da 2024, amma kusan duk 'yan wasan a Turai da Amurka suke cin abinci. Gasar cikin gida ta zama gonar da ake cire amfani tun bai nuna ba. Julián Álvarez da Enzo Fernández duk daga River suka fita a 2022 suna 'yan shekara ashirin da kaɗan. Kofin Libertadores, wanda shi ne babban kofin ƙungiyoyin Kudancin Amurka, rabon Ajantina da shi tun 2018 da River ta doke Boca a Madrid. Daga 2019 ƙungiyoyin Birazil suka riƙa miƙa wa juna shi. Birazil ɗin kuwa ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyi damar zama kamfani tun 2021. Ronaldo ɗan Birazil ya sayi Cruzeiro, kamfanin da ke da Manchester City ya sayi Bahia, Ba'amurke John Textor ya sayi Botafogo, a 2024 Botafogo ta haɗa Libertadores da kofin gasar ƙasa a shekara ɗaya.

Magoya bayan Milei a nan suke tsayawa. Ni kuwa ina ganin ya kamata a ƙara taku biyu. Cikin ƙungiyoyin Birazil da suka ɗauki kofin, Flamengo da Palmeiras da Fluminense duk na mambobi ne lokacin da suka ɗauke shi, ba su zama kamfani ba. Abin da ya ɗaga su shi ne kuɗin talabijin da tallace-tallace na ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, da shugabannin da suka zauna suka biya bashi. A gefe guda ga Vasco da Gama, wadda ta miƙa kashi 70 ga kamfanin Amurka 777 Partners a 2022, cikin shekara biyu kamfanin ya durƙushe, aka koma kotu. Ita ma Ajantinar ta taɓa gwada ɗan'uwan abin. Racing ta karye a 1999, aka damƙa ragamarta ga wani kamfani mai suna Blanquiceleste, ta ci kofin gasa a 2001 bayan shekara 35 tana jira, sai kamfanin da kansa ya tsiyace, a 2008 ƙungiya ta koma hannun mambobi. Kowane ɓangare na ɗaukar rabin labarin Racing da ya yi masa daɗi ya jefar da ragowar.

Turai ma ba baki ɗaya take magana ba. Sifaniya ta tilasta wa ƙungiyoyinta zama kamfani a farkon shekarun 1990, ta ƙyale huɗu da littafinsu ke da tsabta: Real Madrid, Barcelona, Athletic Bilbao da Osasuna. Jamus na da ƙa'idar da ta ce dole rinjayen ƙuri'a ya kasance a hannun mambobi. Ingila ce ta buɗe ƙofa wangalau, ta sami gasar da ta fi kowace kuɗi, wadda muke cika gidajen kallo dominta kowace Asabar. Sai dai a Ingilar ne iyalin Glazer suka sayi Manchester United a 2005 da bashi, suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar. A can ne aka kori Bury daga gasa a 2019 bayan sama da shekara 130 da kafuwa. A can ne masu manyan ƙungiyoyi shida suka shiga shirin Super League, gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, a Afrilun 2021, magoya baya suka fito titi, shirin ya ruguje cikin kwana biyu, har majalisa ta kai ga kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan ƙwallo. Wani abin dariya da masu cewa gwamnati ta cire hannu ba sa son a tuna musu: manyan masu sayen ƙungiyoyi a yau gwamnatoci ne. Manchester City kuɗin gidan sarautar Abu Dhabi ne tun 2008, PSG na Ƙatar ne tun 2011, Newcastle asusun gwamnatin Saudiyya ne ya saye ta a 2021. Ka kori gwamnatinka ta ƙofar gaba, ta wata ƙasa ta shigo ta taga da jakar kuɗi.

Yanzu mu koma kan AFA, don kada a ɗauka waliyiya ce. Julio Grondona ya riƙe ta daga 1979 har ya mutu a 2014, shekara 35. A zaɓen da aka yi bayansa a Disamba 2015, mutum 75 ne suka jefa ƙuri'a, da aka ƙirga aka sami 38 da 38. Ku haɗa da kanku. Claudio Tapia, wanda ake kira Chiqui, ya hau a 2017, daga ƙaramar ƙungiyar Barracas Central ya fito, kuma ƙarfinsa na wurin ƙananan ƙungiyoyi masu ƙuri'a da yawa da aljihu ƙarami. A Oktoban 2024 aka sake zaɓensa har zuwa 2028, a taron da kuma aka soke faɗuwa zuwa rukuni na biyu na wannan kaka alhali ana tsakiyar gasa, aka mayar da babban rukuni ƙungiyoyi 30. Firimiyar Ingila 20 gare ta. Duk shugaban ƙungiyar da ke dab da faɗuwa ya san wanda zai yi wa godiya. Ƙara da 'yan dabar filin wasa da ake kira barras bravas, masu cin kuɗin tikiti da wurin ajiye motoci, waɗanda 'yan siyasa ke haya ranar gangami. A 2013 aka hana magoya bayan baƙuwar ƙungiya shiga filaye a wasannin gasa saboda kashe-kashe. Kuma AFA da ke kukan katsalandan a yau, a 2009 da hannu biyu ta karɓi kuɗin gwamnatin Cristina Kirchner lokacin da gwamnati ta sayi haƙƙin nuna wasanni ta riƙa haskawa kyauta, shirin da ya rayu har 2017. Katsalandan mai zuwa da cek ba ya yi mata ɗaci.

Duk da haka, hujjar da AFA ta kai kotu hujja ce da ɗan libatariyan na gaskiya zai sha wuyar karyatawa. Ta ce ni ƙungiya ce mai zaman kanta, mambobina ne suka rubuta ƙa'idata, kuma sun ƙi. Haka ne kuwa, a Nuwamban 2023 babban taronta ya ƙi shirin ba tare da ƙuri'ar amincewa ko ɗaya ba, kamar yadda Macri ya sha kaye a kan wannan magana a ƙarshen shekarun 1990 yana shugaban Boca. A Agustan 2024 sai gwamnati ta fitar da wata doka mai lamba 730 da ta ba AFA shekara ɗaya ta gyara ƙa'idarta ta karɓi kamfanoni, ta kuma fayyace cewa kashi biyu cikin ukun nan na waɗanda suka halarci taro ne, ba na dukkan mambobi ba. Kotun tarayya da ke garin Mercedes ta dakatar da sassan. Ka lura da abin da ya faru: mutumin da ya ce gwamnati ba ta da hurumin gaya wa mutane yadda za su haɗu, shi ne ya ɗauki alƙalamin shugaban ƙasa, ba tare da ya bi ta majalisa ba, yana gaya wa ƙungiya mai zaman kanta wanda za ta karɓa a ɗakinta. Wanzami ba ya son jarfa.

Mun taɓa jan wannan magana a teburin mai shayi bayan an tashi daga kallon wasa. Wani dattijo, tsohon lafari, ya saurare ni har na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yaro, idan 'yan adashi suka ce ba sa son ɗan kasuwa a cikinsu, hakimi zai tilasta musu?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To idan adashin nan shi kaɗai ne a garin, kuma an hana kowa buɗe wani fa?" Na yi shiru. Ya ajiye kofi ya ce a ƙaro masa siga.

Tambayarsa ta biyu ita ce zuciyar lamarin. AFA ba kamar kowace ƙungiya ba ce. FIFA hukuma ɗaya take amincewa da ita a kowace ƙasa, wanda ya fita daga cikinta ya fita daga ƙwallon duniya, ba Libertadores, ba cinikin 'yan wasa. Kuma FIFA na dakatar da duk ƙasar da gwamnatinta ta sa baki. Mun gani a gida: Goodluck Jonathan ya dakatar da Super Eagles na shekara biyu bayan gasar 2010, cikin kwanaki ya janye, a Yulin 2014 kuma FIFA ta dakatar da Najeriya na ɗan lokaci kan rikicin shugabancin hukumar ƙwallo. Saboda haka AFA sunanta ƙungiya mai zaman kanta, amma ikonta a kan ƙwallo irin na gwamnati ne, kuma gwamnatin da talaka ba ya zaɓa. Littattafan da Milei ke karantawa cewa suke idan ba ka son wata ƙungiya, fita ka kafa taka. A ƙwallo wannan hanya a toshe take.

Hukuncina dai shi ne Milei ya yi daidai a rabi. Mambobin ƙungiya su ne masu ita, idan suka zaɓi shigo da mai jari bai kamata a kore su daga gasa ba. Amma inda ya sassauta ƙa'idar ƙuri'a ya ba ni tsoro, domin zaɓen shugaba da sayar da ƙungiya ba ɗaya ba ne. Shugaba idan ya lalace, bayan shekara huɗu a sauke shi, kamar yadda mambobin Boca suka juya wa ɓangaren Macri baya. Sayarwa kuwa ƙuri'a ce da ake jefawa sau ɗaya, ta kashe duk ƙuri'un da ke gaba. Taron 'yan dubbai a rana ɗaya, wanda 'yan daba za su iya cika shi, zai iya raba mutum dubu ɗari da abin da kakanninsu suka gina. Irin wannan shawara majalisa ya kamata ta zauna a kanta, a sa shinge mai tsawo, ba a cusa ta cikin dokar gaggawa tare da maganar hayar gida ba. Wace gaggawa ce a cikin mallakar ƙungiyar da ta shekara 120?

Idan muka waiwayo gida, sai mu ga namu a juye yake. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gwamnatin jiha ce. Haka Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors da Niger Tornadoes. Masu cika filin Sani Abacha suna rera Sai Masu Gida ba su da kati, ba su da ƙuri'a, gwamna ke naɗa shugabanni ya kuma sauke su. Da Milei nan ya zo da injin katakonsa, da ya sami abin yanka na gaske, kuma nasarar Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa, a kakar 2024/25 za ta zama hujjarsa. Sai dai duk lokacin da aka tayar da maganar a nan, zaɓi biyu ake kawowa, ko gwamna ko attajiri. Na ukun, wanda Ajantina ta rayu a kansa ƙarni guda, wato mutum dubu hamsin su biya ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata su mallaki abinsu, ko a baki ba a cika ambatonsa ba.

A can kuma rigimar ta ci gaba da sauya kama. Shugaban babbar ƙungiya da ya fi fitowa fili wajen son shigo da masu jari shi ne Juan Sebastián Verón na Estudiantes, tsohon ɗan wasan Manchester United. Ya yi ta tattaunawa da Ba'amurke Foster Gillett, ɗan tsohon mai rabin Liverpool, cinikin bai kai ga ƙulluwa ba. A Nuwamban 2025 AFA ta zauna a ofis ta ƙirƙiro sabon kofi ta miƙa wa Rosario Central, ƙungiyar Ángel Di María, saboda ita ta fi tara maki a shekara, kofin da ba wanda ya san da shi lokacin da aka fara kaka. Ta kuma umarci Estudiantes, wadda za ta kara da su a wasa na gaba, ta yi musu layin girmamawa. 'Yan wasan Estudiantes suka jeru sahu biyu kamar yadda aka ce, da 'yan Central suka fito, sai dukkansu suka juya baya. Suka ci wasan ɗaya da nema. AFA ta dakatar da Verón wata shida, Milei ya ɗauki hoto da rigar Estudiantes, a watan Disamba kuma ƙungiyar ta doke Racing a bugun fenariti ta ɗauki kofin gasar a cikin fili.